Burkin Hannu a Cikin Jirgin Sama

Duk wanda ya san Kafanchan ya san gidan da jirgin sama yake kwana a gindin mangwaro. Gidana ne. Har 'yan acaba da shi suke kwatance, sai ka ji an ce ka wuce gidan Malam Mai Jirgi ka yi hagu. Sunana Silvanus. Na koyar da kimiyya a sakandare har na yi ritaya, kuma da hannuna na ƙera jirgi mai kujera biyu. Abin da ban taɓa yi ba, kafin wannan labarin da zan ba ku, shi ne tashi da shi. Tun 'yata Caroline tana firamare na ɗaura masa fukafukai, har ta haifi nata 'ya'yan, amma jirgin bai taɓa rabuwa da ƙasa ko da faɗin tafin hannu ba.

Ba wai bai ƙeru ba ne. Ya ƙeru tsaf. Injin tsohuwar mota Basuwaja na sa masa, farfelarsa kuma da icen maɗaci na sassaƙa ta, in na tayar da shi kajin unguwa har daina ƙwai suke yi. Matsalar tana wurin direba. Ni mutum ne da ko tsani na hau don gyaran kwano sai tsoro ya kama ni. Amma da yake malami ne ni, ban taɓa buɗe baki na ce tsoro nake ji ba. Sai dai in gyara zaman tabarau in ce akwai sauran gyara. Shi kuwa gyara ba ya ƙarewa muddin mai shi ba ya son ya ƙare.

Rabin ƙarafan jirgin daga shagon Alhaji Mijinyawa suka fito. Kayan gyaran mota yake sayarwa a kasuwa, inda kakansa ma ya yi ciniki, kuma abokina ne tun muna samari. Kullum in ya idar da la'asar sai ya zo ya zauna a benci kusa da fiffike, matata Milka ta kawo masa shayi, ya yi ta kallona ina kwance wannan ina ɗaura wancan. Bai taɓa cewa "jirginka" ba, kullum "jirginmu" ne. In 'yan kasuwa suka yi mini dariya, shi ke tashi ya yi musu tatas. Ya yarda da ni fiye da yadda na taɓa yarda da kaina, abin da yake ba ni kunya ke nan.

Sai idonsa ya fara ba shi matsala. Ya je Jos, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Ranar da ya dawo ya zauna a bencinsa, ya daɗe bai taɓa shayin ba.

Ya ce, "Malam, kamar ta cikin bututu nake leƙen duniya yanzu. Abin da ke gabana daidai ina ganinsa, na gefe duk ya tafi. Bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake yi."

Na ce, "Allah zai kawo sauƙi, Alhaji."

"Amin. Amma abu ɗaya nake roƙonka. In ga tayar jirginmu ta bar ƙasa kafin bututun ya rufe."

Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne, nan da ɗan lokaci kaɗan zai gani. Yana fita na ɗauko tocila na shiga zagaya jirgin ina neman abin da zai cece ni. Ban sha wahala ba, na same shi a filaf.

Filaf wani falle ne a bayan kowane fiffike, da ƙyaure yake kama, yana da maratayi. In an sauke shi, fiffiken yakan ƙara kama iska, sai jirgi ya iya tashi ko sauka ba tare da gudu mai yawa ba. Nawa da lantarki yake aiki. Ɗan injin nan da ke ɗaga gilashin ƙofar mota na sa masa, da maɓalli a gabana, in danna sama ya hau, in danna ƙasa ya sauka. A lokacin da na haɗa shi na cika unguwa da alfahari. To, a wannan yammacin ina dannawa sai ya sauko rabi ya cije, ƙaurin waya ya tashi. Wallahi ban taɓa jin ƙamshi mai daɗi irin ƙaurin wayar nan ba.

Canza waya ɗaya da fis ya isa ya gyara shi kafin a gama tuwo. Amma washegari na tara Alhaji da Milka na yi musu lacca. Na ce lantarki ba abin dogara ba ne a sama. Batir yana iya mutuwa, waya tana iya ƙonewa, filaf ya tsaya maka a rabi ba ka san inda yake ba. Na ce dole a cire injin nan gaba ɗaya a mayar da shi na hannu, sanda kawai da ƙarfe, ka ja ka ji nauyin iska a damtsenka, ka san iyakar inda ka sauke shi ba sai ka leƙa ba, ga shi jirgi zai rage nauyi. Abin haushi, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Shi ya sa na faɗe shi da ƙarfin murya.

Milka ta bari Alhaji ya tafi tukuna, sannan ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Baban Caroline, wannan abu da za ka cire, ba shi ne ka yi ta yabo ba? Ka ce na zamani ne, har ka kira Fasto ya zo ya danna botin."

Na ce, "Maman Caroline, ilimi yana ci gaba."

"Ilimi yana ci gaba, jirgi yana tsaye wuri ɗaya kamar turmi. Kai dai ka ce kana jin tsoro mu huta. Ido na Alhaji ba zai jira ka ba fa."

Na ce mata ba ta san sha'anin jirgi ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san sha'anin mijinta.

A lissafina aikin zai cinye damina gaba ɗaya, domin sai na zana sandar, a yanko ƙarfe, a yi mata haƙoran da za su riƙe ta, in gwada in ce bai yi ba, a sake. Ban sa Alhaji a lissafin ba. Washegari ya iso da wani abu naɗe a buhu, ya dire shi a gabana yana murmushi. Burkin hannu ne na tsohuwar a-kori-kura, da haƙoransa da maɓallinsa a kai. Da laluben hannu ya zaƙulo shi daga tarin ƙarafan bayan shagonsa.

Ya ce, "Ga shi an gama maka rabin aiki. Ka ja kaɗan, filaf ya sauka kaɗan ya tsaya. Ka ja sosai, ya sauka duka. Ka danna maɓalli ya koma. Ko ba abin da kake nema ba ke nan?"

Shi ne kuwa daidai abin da nake nema, kuma shi ne abin da ba na so in samu. Na juya shi, na duba shi ta ko'ina ko zan ga tsaga, babu. Na yi masa godiya kamar wanda aka ba magani mai ɗaci.

Da na riƙe shi sai na ji hannuna ya gane shi. A shekarun koyarwa albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, saboda haka duk hutu da Asabar a-kori-kura nake ja, ina kwaso citta daga ƙauyukan Jaba da Kachia zuwa kasuwa. Duk wanda ya yi jigilar citta a irin waɗannan motoci ya san burkin ƙafa shawara kawai yake bayarwa. In ka taka, mota ta ji, ta yi tunani, ta ci gaba da tafiyarta. Mai tsayar da ita da gaske shi ne na hannu. Muna gangaro tudu da lodi har sama, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan sanda, da an ga akuya ko rami sai a fizga. Haka kowa yake yi, kuma haka na yi shekara da shekaru.

Muka shiga aiki, ba yadda na iya. Na kwance ɗan injin da wayoyinsa da maɓallinsa na zuba a kwali. Na sa mai walda ya gindaya bututun ƙarfe a ƙarƙashin kujeru, daga wannan fiffike zuwa wancan, don filaf ɗin biyu su riƙa sauka tare, kada ɗaya ya riga ɗaya jirgi ya kife. Sandar kuma na kafa ta tsakanin kujerun biyu, daidai inda hannun damana ke faɗawa, na haɗa ta da bututun da ɗan guntun rodi. Na ja, haƙora suka yi ƙaf-ƙaf-ƙaf, filaf ya sauka sumul. Na danna maɓalli ya koma. Babu cijewa, babu ƙauri, babu ko ɗan kukan ƙarfe da zan fake da shi.

Duk da haka na yi iya ƙoƙarina. Na ce tunda nauyi ya ragu sai an sake auna daidaiton jirgi. Na auna. Na ce sandar tana bukatar fenti. Na yi mata. Na ce fentin bai bushe ba. Alhaji bai taɓa ƙorafi ba, yana zaune yana riƙe mini sufana, in na nemi lamba kaza ya shafa su da yatsa ya miƙo. Wata rana da yamma Milka ta ajiye masa shayi a gefen benci, na ga ya miƙa hannu ya wuce kofin, ya dawo, ya sake wucewa, yana lalube a hankali don kada in lura. Na lura. Na tura masa kofin da bayan hannuna kamar ba da gangan ba.

Na so in ce daga ranar na zama jarumi. Ban zama ba. Abin da ya faru shi ne su biyun suka haɗa mini kai. Alhaji ya sanar a kasuwa cewa Asabar mai zuwa jirginmu zai tashi, Milka kuma ta sanar a Zumuntar Mata ta coci, wadda ta fi gidan rediyo saurin kai labari. Kafin Laraba har daga Zonkwa da Gwantu ana kirana a waya ana tambayar ƙarfe nawa.

Sai na koma ga kimiyyata, wadda ba ta taɓa kunyata matsoraci ba. Na san iyakar gudun da jirgin yake bukata kafin ya tashi in filaf yana sama. Na ƙudurta zan bar filaf a saman, in yi gudu mai ban tsoro amma ƙasa da wancan kaɗan, in tayar da hankalin jama'a, in na kusa ƙarshen fili in rage totur in taka burki. Daga nan sai in fito ina girgiza kai in ce inji ya yi tari. Kowa ya ga ƙoƙari, ni kuma in koma gida da ƙafafuna.

Ranar Asabar da safe muka cire fukafukan, aka ja jirgin da tarakta zuwa wani dogon fili a hanyar Zonkwa, inda samarin coci suka share ciyawa. A ƙarshen filin gonar citta ce, daga gefe kuma jerin itatuwan ɗorawa. Jama'a ta cika maƙil, har da masu sayar da rake da tsire. Na mayar da fukafukan, Fasto ya yi addu'a doguwa, wadda na so ta fi haka tsawo. Alhaji ma ya yi tasa ya shafa. Na kama hannunsa na kai shi kujera a tsakiyar gefen fili, wurin da ya fi kowane kyau.

Ya ce, "Malam, ka san ba na iya bin abu da ido yanzu, in na juya sai ya ɓace mini. Gaya mini wuri ɗaya da zan kafa ido, in jira ka a can."

Mutane suna kewaye da mu suna saurare. Da ina da hankali da na ce ya dubi tsakiyar fili. Amma bakin malami ba ya son ƙaramar magana a gaban jama'a. Na dafa kafaɗarsa na juya shi, na ɗaga haɓarsa sama.

Na ce, "Ka ga kan ɗorawar can, Alhaji? Nan za ka duba. Ta nan zan wuce."

Ya ce, "Na gan ta. Allah ya kiyaye hanya."

Na shiga, na ɗaure bel, aka murza farfela, inji ya kama. Na tura totur. Jirgin ya fara gudu, tayoyi suna ta gwaram-gwaram a kan ƙasa, haƙorana suna haɗuwa. Komai yana tafiya bisa tsari. Allurar gudu ta hau ta tsaya daidai inda nake so, jama'a suna wucewa ta gefena kamar shinge, har na fara shirya fuskar da zan yi in na ce inji ya yi tari.

Sai ga alade. Wata ƙatuwar baƙar uwa ce, ban san daga gonar wa ta tsinko igiya ba, ta fito daga ciyawa tana tafiyar ƙasaita, ta zo tsakiyar hanyata ta tsaya tana kallona.

Burkin jirgin a ƙarƙashin dugadugaina yake. Ni na sa shi da kaina, na san wurinsa sarai. Amma kafin kaina ya tuna, hannuna ya riga ya yanke hukunci. Ya ga dabba a gaba, ya ji sandar a-kori-kura a wurin da ya saba samunta, sai ya yi abin da ya yi shekara da shekaru a hanyar citta. Na fizge ta har haƙorin ƙarshe.

Filaf ɗin biyu suka sauka gaba ɗaya, nan take, yadda injin gilashi ba zai taɓa iya yi ba. Na ji kamar an tallabo ni daga ƙasa. Gwaram-gwaram ɗin tayoyi ya yanke ɗif. Ban fahimci abin da ya faru ba sai da na ga bayan aladen ya wuce ta ƙarƙashina. Ina sama. Ni Silvanus, da ba na iya hawa tsani, ina sama, ina kiran sunan Yesu da muryar da ban san ina da ita ba.

Ban daɗe a can ba. Tsoro ya sa na janye totur, jirgin ya faɗo da ƙarfi, ya yi tsalle, ya sake faɗowa, ya zarce cikin gonar citta. Taya ta cake a kunya, hanci ya kifa, farfelar maɗacin ta tarwatse, ƙafar jirgin ɗaya ta lanƙwashe. Na fito da rarrafe, bakina cike da ƙasa, ban karye ko'ina ba sai gwiwa da ta goge.

Fili ya ruɗe da ihu da guɗa. Milka ce ta fara isowa, ɗankwalinta a hannu, ta kai mini duka a kafaɗa sannan ta rungume ni tana kuka.

Ta ce, "Ashe kana da zuciya, Baban Caroline! Ashe kana da zuciya!"

Ban gyara mata ba. Samari suka so ɗaga ni sama, na ce na gode, na ƙoshi da sama. Wani yana cewa jirgin ya kai tsayin mutum a sama, wani yana cewa ƙarya ne, da ƙyar ya tsallake aladen, har ya ga taya ta shafi kunnenta. Na biyun ne mai gaskiya. Amma ko ma mene ne, taya ta bar ƙasa, kowa ya gani, kuma abin da aka roƙe ni ke nan. Daɗi ya kama ni, na ture mutane ina ɗingishi na nufi wurin Alhaji.

Na same shi a tsaye shi kaɗai, kowa ya watse ya bar shi. Ya sa tafin hannu a goshi, fuskarsa a sama, idonsa a kan ɗorawa, daidai inda na kafa shi. Bai motsa ba ko kaɗan.

Na ce, "Alhaji."

Ya ce, "Malam, kai ne? Lafiyarka ƙalau? Na ji inji ya wuce, na ji ihu, na ji ƙara. Na ƙi juyawa don kada ka zo ka wuce ban gani ba. Ina ta duba inda ka ce, ban ga komai ba sai sarari. Ta ina ka bi?"

Ta gabansa na bi, kusa ƙwarai, ƙasa da inda ɗan ganinsa ya tsaya. Na waiwaya na dubi jirgin da hancinsa a cikin citta. Kafin in samo busasshen maɗaci in sassaƙa wata farfela, in miƙe ƙafar, in duba injin, watanni ne masu yawa, kuma wannan karon ba uzuri ba ne. Na san idon Alhaji ba zai kai ba.

Ya miƙo mini hannunsa. Ya ce, "Ba komai. Kama nan, ka nuna mini wurin da ka wuce, in dube shi."

Na kama hannun. Ainihin inda jirgin ya bi bai wuce tsayin ƙugunsa ba, daga can na fara. Sai na ga yadda yake jira, na ci gaba da ɗagawa, na wuce kan mutane, na wuce rassan ɗorawa, sai da yatsansa ya nuna sararin da ke samanta.

Na ce, "Nan, Alhaji. Gudu ne ya yi yawa, shi ya sa ka kasa kama ni."

Ya ce, "To su kuma waɗancan me suke ta faɗa a kan alade?"

"Ka san mutanen garin nan da hassada."

Ya yi 'yar dariya. Ban san ko ya yarda ba, kuma ban tambaye shi ba. Ya kafa idonsa a wurin ya daɗe yana kallo, babu komai a can ko tsuntsu, hawaye yana bin gemunsa.

A hankali ya ce, "Jirginmu. Alhamdu lillahi."

Ni ma kuka nake yi. Ban sauke hannunsa ba sai da ya ce ya gaji.